Rabon iko a kwamfutocin ofis: yadda ake zaɓen mutane da rukunonin da ƙa'idar tsaro za ta hau kansu

Kowace kwamfutar ofis tana da asusu iri biyu. Akwai asusun ma'aikaci, wanda da shi ake rubutu, a buga takarda, a buɗe manhajojin da aka riga aka saka. Akwai kuma asusun mai cikakken iko, wanda aka fi sani da admin, mai iya saka manhaja ko cire ta, kashe garkuwar kwamfuta, duba fayilolin kowa, har da goge rajistar abin da ya faru. Tsarin kula da iko a na'urorin ma'aikata, wanda masana ke taƙaita sunansa da EPM, hanya ce ta karɓe cikakken ikon daga hannun ma'aikata, sannan a riƙa ba su shi ɗan kaɗan, don wani aiki guda, a lokacin da ake bukata.

Kowace ƙa'ida ta wannan tsari tana amsa tambayoyi uku: wace manhaja ce ake magana a kanta, me za a yi idan an buɗe ta, kuma wa ƙa'idar ta shafa. Wannan bayani ya tsaya ne a kan tambaya ta uku, domin a nan aka fi yin kuskure. Ƙa'idar da aka rubuta da kyau, idan aka ɗora ta a kan rukunin da bai dace ba, ko dai ta hana mai aiki aikinsa, ko kuma ta buɗe ƙofa ga wanda bai kamata ya shiga ba.

Asalin tsarin

A shekarar 1975 wasu masana biyu na jami'ar MIT a Amurka, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka wallafa wani nazari kan kare bayanai a kwamfuta. Cikin ƙa'idojin da suka jera har da wadda ta ce kowane mutum da kowace manhaja su yi aiki da mafi ƙarancin ikon da zai ishe su kammala aikin. Wajen 1980 aka ƙirƙiri manhajar sudo a jami'ar jihar New York da ke Buffalo, wadda har yau ake amfani da ita a Linux da macOS don bai wa mutum iko na umarni guda. A ɓangaren Microsoft, kundin asusu na Active Directory ya zo tare da Windows 2000, sannan Windows Vista ya kawo akwatin nan da ke tambayar izini kafin manhaja ta taɓa tsarin kwamfuta.

Daga baya kamfanoni suka gina manhajoji na musamman a kan wannan tushe. CyberArk ya sayi Viewfinity a 2015, fasahar Avecto ta koma ƙarƙashin sunan BeyondTrust a 2018, Microsoft kuma ya ƙara irin wannan hidima cikin Intune a 2023, da kuɗin lasisi na daban. Avecto ya taɓa fitar da rahoto cewa cire ikon admin zai rage illar kashi 94 cikin 100 na manyan ɓarakokin da Microsoft ya sanar a 2016. Rahoto ne na mai sayar da kaya, amma hukumomin tsaron intanet na ƙasashe da dama suna ba da shawara iri ɗaya.

Abin da ya faru a ranar 27 ga Yunin 2017 ya nuna dalili. Muguwar manhajar NotPetya, wadda ta fara daga Ukraine, ta bazu ta hanyoyi biyu: ta wata ɓaraka da ke cikin Windows, da kuma satar kalmomin sirri na masu iko daga ƙwaƙwalwar kwamfutocin da ta kama, ta yi amfani da su ta tsallaka zuwa wasu. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya ce sai da ya sake ɗora manhaja a kwamfutoci kusan 45,000 da manyan kwamfutocin cibiya 4,000. An ruwaito cewa kwafi guda na kundin asusun kamfanin da ya tsira yana ofishinsa na Gana ne, saboda wuta ta ɗauke a can kafin cutar ta iso. Darasin shi ne, asusu ɗaya mai iko a kan kwamfutoci da yawa ya isa ya zama gada ga ɓarna.

Me ya haɗa wannan da Idlès

Idlès baladiya ce a da'irar Tazrouk, cikin wilayar Tamanrasset a kudancin Aljeriya, a tsaunukan Ahaggar. Ƙidayar 2008 ta ba ta mutane kusan 5,000, a warwatse cikin ƙasa mai faɗin gaske, da ƙauyuka irin su Hirafok da Mertoutek. Tsakaninta da birnin Tamanrasset, inda Hausawa da dama daga Nijar da Najeriya ke zaune suna kasuwanci da ƙwadago, akwai tafiyar sama da kilomita 200 ta hanyar mota.

Duk da wannan nisa, takardun ɗan ƙasa a Aljeriya sun koma kan kwamfuta. An fara bayar da fasfo na zamani mai ɗauke da zanen yatsa a 2012, aka kafa kundin ƙasa na haihuwa da aure da mutuwa a kan na'ura a 2014, katin shaidar ɗan ƙasa na zamani ya biyo baya a 2016, kuma an sauko da karɓar takardun zuwa ofisoshin baladiya. Ke nan kwamfutar da ke kan teburin ƙaramin ma'aikaci a garin da ke tsakiyar hamada tana iya zama ƙofa zuwa bayanan jama'a. Haka abin yake ga ofishin gidan waya, ɗakin shan magani, makaranta, ko ƙungiyar agaji mai rajistar baƙin haure a Tamanrasset, In Guezzam, Assamaka, Arlit da Agadez. Ga wanda ke zaune a ƙasar da ba tasa ba, fitar sunansa da lambar wayarsa daga irin wannan rajista ba ƙaramin abu ba ne.

Doka ma ta shigo cikin maganar. A Aljeriya akwai doka mai lamba 18-07 ta 10 ga Yunin 2018 kan kare bayanan mutum, wadda ta wajabta wa mai riƙe da bayanai ɗaukar matakan fasaha da na tsari don kare su, kuma hukumar ANPDP ce ke sa ido. A Nijar akwai hukumar HAPDP, da dokar da aka fara yi a 2017 aka sabunta a 2022. A Najeriya an sa hannu kan dokar kare bayanai a Yunin 2023, ƙarƙashin hukumar NDPC. Iyakance wanda ke da iko a kan na'ura yana cikin matakan farko da ake nufi da irin waɗannan dokoki.

Hanyoyi huɗu na nuna wanda ƙa'ida ta shafa

Ta farko ita ce ambaton mutum da sunansa. Tana da sauƙi a ranar farko, amma ba ta da ƙarko. Idan aka yi wa ma'aikacin canjin wurin aiki, ƙa'idar za ta ci gaba da binsa, wanda ya gaje shi kuma zai zauna ba shi da komai. Bayan shekara biyu babu mai iya tuna dalilin da ya sa aka rubuta sunan.

Ta biyu ita ce rukunin mutane. Ana ƙirƙirar rukuni a Active Directory ko a Entra ID, wato sabon sunan da Microsoft ya bai wa Azure Active Directory a 2023, a ɗora ƙa'idar a kansa. Daga nan sai dai a saka mutum ko a cire shi, ƙa'idar ba ta motsi. Wannan ita ce hanyar da aka fi so.

Ta uku ita ce rukunin na'urori. A nan ƙa'idar tana zaune ne a kan kwamfutar, ko wa ya zauna gabanta. Ita ta dace da kwamfutar da mutane da yawa ke yin karo-karo a kanta, kamar ta taga inda ake ɗaukar hoto da zanen yatsa, ko ta ɗakin karatun ɗalibai.

Ta huɗu ita ce haɗa biyun: mutumin rukuni kaza, idan yana kan na'urar rukuni kaza. Akanta zai iya sabunta manhajar albashi a kwamfutar ofishin kuɗi, amma idan ya zauna a kwamfutar taga ba shi da wannan dama.

Rukuni ya bi aiki, ba muƙami ba

Babban kuskuren da ake yi shi ne raba iko bisa girman kujera. Shugaban ofis shi ne aka fi aika wa saƙon yaudara, shi ne kuma ya fi kowa riƙe da takardu masu muhimmanci, alhali aikinsa na yau da kullum ba ya bukatar saka manhaja. Ba shi cikakken iko don girmamawa ƙara masa haɗari ne kawai.

A ɗauki misalin ƙaramin ofishi mai ma'aikata goma sha biyu a gari irin Idlès. Rukunoni huɗu za su wadatar. Na farko ya ƙunshi kowa da kowa, da ƙa'ida mafi tsauri: babu saka manhaja, sai ƙananan abubuwa kamar haɗa firintar da aka amince da ita. Na biyu shi ne na masu aikin taga, waɗanda manhajar na'urar ɗaukar zanen yatsa za ta samu iko kai tsaye a gare su, ba tare da tambaya ba. Na uku na masu kuɗi ne, waɗanda idan za su sabunta manhajarsu sai sun rubuta dalili sun tabbatar da kalmar sirrinsu. Na huɗu na mai gyara ne, mutum ɗaya ko biyu, mai faffaɗan iko amma ana rubuta duk abin da ya yi. Kamfanin BeyondTrust ma da irin wannan rabo yake fara wa abokan cinikinsa: masu ƙaramin sassauci, matsakaici, da babba.

Sunan rukuni ya kamata ya faɗi aikinsa, kuma kowane rukuni ya kasance da mutum guda da ke da alhakin cewa a saka wane ko a cire wane. Masu koyon aiki da ƴan kwangila suna bukatar rukuninsu daban, da ranar ƙarewa.

Idan ƙa'idoji biyu suka ci karo

Mutum ɗaya yana iya kasancewa cikin rukuni uku, kowanne da hukuncinsa a kan manhaja ɗaya. Kowane tsari yana da yadda yake raba gardama, kuma ba iri ɗaya ba ne.

A ƙa'idojin rukuni na Windows, ana ɗora na kwamfutar kanta tukuna, sannan na wuri, sannan na dukan cibiya, sannan na sashe, kuma wadda ta zo ƙarshe ita ke rinjaye. Idan aka hana wani rukuni a fili, hanin yana gaba da izini. A fayil ɗin sudoers na Linux, inda ake nuna rukuni da alamar % a gaban sunansa, layin ƙarshe da ya dace shi ne ke aiki. A manhajar BeyondTrust kuwa ana bin jeri daga sama, wadda aka fara cin karo da ita ce ke aiki. A Intune, ƙa'idar ɗaga iko da aka ɗora wa mutum tana gaba da wadda aka ɗora wa na'ura, kuma wadda ta bayyana fayil da lambar shaidarsa ta musamman tana gaba da wadda ta ambaci suna kawai. Wanda ya saba da tsari ɗaya ya koma wani, yana iya jera ƙa'idojinsa a juye bai sani ba.

Akwai kuma batun cirewa. A Intune, idan mutum yana cikin rukunin da aka saka da wanda aka cire a lokaci guda, cirewa ce ke rinjaye. Sai dai Microsoft ya yi gargaɗi kada a saka rukunin mutane sannan a cire rukunin na'urori a ƙa'ida ɗaya, ko akasin haka, domin tsarin ba ya lissafa alaƙar mutum da na'urarsa ta wannan hanya. Mai son haka sai ya yi amfani da matatar na'urori da aka tanada.

Tarkon harshe: Windows na Faransanci

Wannan matsala ta fi shafar yankinmu, inda kwamfutar da aka sayo daga Kano ke magana da Turanci, wadda ta fito daga Alje ko Yamai kuma da Faransanci. Rukunin masu cikakken iko da Windows na Turanci ke kira Administrators, a na Faransanci sunansa Administrateurs. Rukunin Users ya zama Utilisateurs, Everyone kuma ya zama Tout le monde. Ƙa'idar da aka rubuta da sunan Turanci, idan ta sauka a kwamfutar Faransanci, tana iya neman rukunin ta rasa, ta wuce ba ta yi komai ba, mai kula da tsarin kuma yana zaton ta yi aiki.

Maganin shi ne amfani da lambar shaida da Windows ke bai wa kowane asusu da rukuni, wadda ake kira SID, domin ba ta canzawa da harshe. Lambar rukunin masu cikakken iko ita ce S-1-5-32-544, ta masu amfani S-1-5-32-545, ta kowa da kowa S-1-1-0, ta waɗanda suka shiga da kalmar sirri S-1-5-11. Lambar asusun admin na asali kuwa kullum tana ƙarewa da 500, ko an sauya masa suna. Wannan lamba ce kuma ta sa idan aka goge rukuni aka sake ƙirƙirar wani da suna iri ɗaya, tsofaffin ƙa'idoji ba za su gane shi ba.

Tarkon nisa da yankewar layi

Canjin da aka yi a cibiya ba ya isa na'ura nan take. Windows yana neman sababbin ƙa'idojin rukuni kusan duk minti 90, da ƙarin har minti 30. Na'urar da ke ƙarƙashin Intune tana tuntuɓar cibiya kusan duk awa 8. Jerin rukunonin mutum kuma ana ɗora shi ne a lokacin da ya shiga asusunsa, don haka wanda aka cire daga rukuni da safe yana iya ci gaba da riƙe ikon har sai ya fita ya sake shiga.

Inda layi ke yankewa na kwanaki, abin ya fi haka. Windows yana ajiye bayanan shiga guda 10 na baya-bayan nan, domin ma'aikaci ya iya buɗe kwamfutarsa ko babu layi. Ma'ana, kwamfutar tafi-da-gidanka da aka fita da ita rangadi zuwa Mertoutek ba ta san an sallami mai riƙe da ita ba har sai ta dawo kan layi. Saboda haka ikon da aka bai wa rukunin masu fita daji ya kamata ya zama mai iyaka tun daga farko, kada a dogara da cewa za a janye shi daga nesa.

Ɗaya gefen matsalar shi ne mai bukata ta gaskiya. Idan ƙa'ida ta ce sai mai gyara da ke Tamanrasset ya amince ta intanet, ranar da babu layi aiki ya tsaya, jama'a kuma suna layi a taga. Daga nan ne ake fara rubuta kalmar sirrin admin a takarda a manna ƙarƙashin tebur. Wasu manhajojin EPM sun tanadi lamba ta amfani sau ɗaya da mai gyara zai karanto ta wayar tarho. Akwai kuma LAPS, wanda Microsoft ya fitar a 2015 ya kuma saka shi cikin Windows kai tsaye a Afrilun 2023, mai bai wa kowace kwamfuta kalmar sirrin admin tata ita kaɗai, yana sauya ta lokaci-lokaci. Ko an faɗa wa ma'aikaci kalmar don gaggawa, ba za ta buɗe kwamfuta ta biyu ba.

Sauran wuraren tuntuɓe

Rukuni cikin rukuni yana ɓoye masu iko. Idan aka saka rukunin sashe gaba ɗaya cikin rukunin masu gyara, duk wanda aka ɗauka aiki a sashen ya gaji ikon ba tare da kowa ya lura ba.

Rukunin da ke cika kansa, irin wanda Entra ID ke haɗawa bisa abin da aka rubuta a bayanan ma'aikaci, yana rage aiki, amma duk mai iya gyara gurbin sashe a bayanan yana iya jefa kansa ko abokinsa ciki. Bai dace da rukuni mai babban iko ba.

Sabuntawar Windows ma tana iya sauya yadda ake nuna masu ƙa'ida. A Yunin 2016 gyaran tsaro mai lamba MS16-072 ya sa kwamfuta ce ke ɗauko ƙa'idojin mutum da nata asusun. Ofisoshin da suka taƙaita ƙa'idojinsu ga wasu rukunonin mutane, ba su bar wa kwamfutoci damar karantawa ba, sun wayi gari firintoci da manyan fayilolin da aka saba gani sun ɓace. Shi ya sa ake ware ƙaramin rukunin gwaji, a fara ɗora masa kowane canji kafin a kai ga kowa.

Asusun haɗaka, wanda mutum biyar ke shiga da suna ɗaya, yana rushe tsarin gaba ɗaya, domin ƙa'ida ba za ta iya bambanta su ba, rajista kuma ba za ta nuna wanda ya yi abu ba.

Ga wanda ba shi da kuɗin lasisi

Yawancin shaguna, ƙungiyoyin ƴan ƙasa mazauna waje, makarantun Islamiyya da ɗakunan buga takardu ba su da kundin asusu na cibiya, kuma Windows na gida ba ya ma iya shiga irin wannan kundi. Duk da haka tushen ƙa'idar yana hannunsu. A buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa na talaka, a ajiye asusun admin guda daban wanda ba a karanta saƙo ko shiga intanet da shi, mai shagon kansa ya riƙa aiki da asusun talaka. Umarnin net localgroup Administrateurs, ko Administrators a kwamfutar Turanci, yana nuna duk masu cikakken iko a na'urar. Umarnin whoami /groups yana nuna rukunonin mutum tare da lambobinsu, gpresult /r kuma yana nuna ƙa'idojin da suka sauka a kansa da waɗanda aka tace.

Ko babban ofishi ne ko ƙarami, aikin da ya rage ɗaya ne, wato bitar jerin sunaye. Duk wata uku, da duk lokacin da wani ya bar aiki ko aka yi masa canji, mai alhakin rukuni ya zauna ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, ya cire duk wanda ba a iya faɗin aikin da yake yi da ikon ba.